Barzillai na Uku

Sabuwar Sokpenu,
Agusta, 1964.

Zuwa ga matata Akpene,

Papa ya koma tsohon gari. Ranar Laraba da safe aka neme shi aka rasa, da rana ta yi tsaka wani masunci ya ce ya hango shi yana tuƙa kwalekwalensa ya nufi Kpodzi.

Bayan wannan, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Esinam da Mawuli, da fatan tarin Mawuli ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ba zan dawo Accra ƙarshen makon nan ba kamar yadda na yi miki alkawari. Na aika wa editanmu ya ƙara mini hutu.

Ga yadda abin yake. Tun da aka rufe madatsar ruwa kogi ya daina wucewa, ya tsaya wuri ɗaya yana kumbura. Gonakin fadama sun tafi, kasuwa ta tafi, a unguwar Togbe ruwa ya kai rufin ɗakuna. Abin da ya rage a Sokpenu shi ne Kpodzi, tudun da majami'a da makabartar Kirista suke kai. 'Yan safiyo sun shafa jan fenti a jikin rimin da ke bayan majami'a don nuna inda ruwa zai tsaya. Fentin yana sama da rufin majami'ar.

Makon jiya aka kwashe mutanen ƙarshe. Papa bai yi wa kowa gardama ba, ya dai zauna a kujerarsa ya ƙi tashi, sai aka ɗaga shi da kujerar aka sa a mota. Bai daɗe a nan ba. Sabon garin layi-layi ne na ɗakuna masu rufin kwano, ba inuwa, kuma da nisa kafin a kai bakin ruwa. Da ƙafa ya taka wannan nisan, mutumin da ya doshi tamanin. Ya bar mahaifiyarmu Dada a nan. Har yau tuwon mutum biyu take tuƙawa, ta rufe nasa ta ajiye.

Kin taɓa tambayata, kina dariya, a ina muka samo sunan Barzillai, kin ce ya yi kama da sunan maganin tari. Na ba ki amsa a gurguje a lokacin. Yanzu gara ki ji shi duka, don a kansa maganar take.

Na farko yaro ne da Turawan mishan na Jamus suka fanso daga hannun fataken bayi. Bai san sunan garinsu ba, kuma ba wanda ya iya karanta tsagen fuskarsa. Wata tsohuwa can ƙasar Jamus, wadda ta ɗauki nauyinsa, ita ta zaɓa masa sunan daga Littafi Mai Tsarki, ba ta taɓa ganinsa ba. Ya girma ya zama mai fito a nan, har aka riƙa kiran wurin da ake ƙetare kogi Mashigin Barzillai. Ɗansa, Barzillai na biyu, shi ya gina makarantar da ke gindin tudu, ita ma da sunan ake kiranta, haka rugar gonarsa da ke ƙetare. Ya mutu a shekarar mura mai kisa, bayan yaƙin Jamus na farko, aka binne shi rami ɗaya da wasu, don masu haƙa sun gaji. Papa ne na uku. Na huɗu shi ne yayana, Fo Barzillai, wanda ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Daga kansa ba a sake raɗa wa kowa ba. Na taɓa bin sawun sunan a ɗakin karatu a Accra. Na same shi jefi-jefi a tsofaffin littattafan Amurka, sannan ya ɓace. A ƙasar nan ban san wani gida da ke da shi ba sai namu. Mashigin yana ƙarƙashin ruwa yanzu, makarantar ma haka, rugar ma haka. Abin da ya rage da wannan suna a saman ruwa kabari ɗaya ne da tsoho ɗaya.

Washegarin ɓacewar Papa muka bi shi, ni da Osofo Tsekpo, faston ikilisiyarmu, da Kawu Gakpo, ƙanen Dada. Mun tarar yana sharar makabarta. Ya tambaye mu ko mun karya, ya ce akwai doya a wuta.

Osofo ya fara da lallashi, ya ƙare da cewa zama a wurin da ruwa zai rufe daidai yake da kashe kai. Papa ya ce ya fara karanta Littafin tun uban Osofo bai san wando ba. Ya tuna masa da mai sunansa na ciki, tsohon da sarki ya gayyata zuwa babban birni ya ƙi, ya roƙa a bar shi ya mutu kusa da kabarin iyayensa, ya tura ɗansa a madadinsa. Osofo bai ruɗe ba, ya ce ai ƙasusuwan Yusufu ma an kwashe su daga Masar da jama'a suka tashi.

Papa ya jingina tsintsiyarsa ya ce, "Yusufu shi ya roƙa a ɗauke shi, Osofo. Kakana bai roƙa ba. Mutumin da aka taɓa ɗaukowa daga garinsu a ɗaure, sau nawa kuke so ku ɗauke shi?"

Kawu Gakpo, kin san shi, bai taɓa shiga majami'a ba sai don biki. Ya ce su kam sun gama da nasu tuni. Sun zuba giya a kan kaburbura, sun kira kowa da sunansa, sun ɗebi ƙasa tafi guda-guda sun zuba a tukunya, aka ɗauko ta a ka har sabon gari. Ya ce, "Har kakarmu gurguwa ta iso, mijin yaya. Naku ne dai suka tsaya jiran izini daga Jamus." Papa ya ce shi da kwalbarsa su tsaya bayan shinge. Tun kafin a haife ni suke wannan, amma ranar ba wanda ya yi dariya sai Kawun.

Daga ƙarshe na ce to a tona. Barzillai na biyu ba ya tonuwa, don ba a san wanne ne shi a ramin ba, amma na farko kabarinsa daban ne, da dutsensa. Papa ya dube ni ya ce in mun same shi mu ɗauka, zai bi mu. Na yi murna a wurin. A hanyar dawowa ne na fara tunanin cewa ya yarda da sauri fiye da halinsa.

Ki sa mu a addu'a. Ki gai da mahaifiyarki in ta zo daga Keta, ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Senyo.

Sabuwar Sokpenu,
Satumba, 1964.

Akpene,

Mun tona kabarin, ba mu sami kowa ba.

Ina gaishe ki, ina gai da yara. Wasiƙarki ta iso, da man zafin da kika aiko wa Dada, tana godiya. Na ji daɗin jin Mawuli ya koma makaranta. Kin ce in kula da kaina, ina kulawa.

Samun masu haƙa ma sai da aka sha wuya. Samarin gari suka ce ba za su taɓa kabari ba sai an zuba giya an nemi izinin mai shi. Papa ya ce muddin yana numfashi ba za a zuba giya a makabartar da ya yi shekara da shekaru yana dattijonta ba. Osofo ya bincika littafin sujada bai sami addu'ar tono ba, sai ta binnewa. A ƙarshe wasu mutum biyu daga zango, 'yan arewa masu aikin hanya, suka yarda. Sun yi tasu addu'ar a gefe suka kama aiki, ni ma na karɓi shebur da ɗaya ya gaji.

Ba mu yi nisa ba ƙasa ta fara jiƙa. Ruwan da muke gani can gindin tudu ashe ya riga mu isa ta ƙarƙashi. Muka riƙa kwashe jan laka da kwano, muna murzawa da hannu kamar masu neman zinariya. Abin da ya fito shi ne ƙusoshi masu tsatsa, da hannun akwati guda na tagulla, da maɓallin riga. Ba ƙashi ko ɗaya, ko haƙori. Babban cikin masu haƙar ya ce jar ƙasa irin wannan ba ta barin komai, ya sha gani. Papa yana tsaye a bakin ramin da lemarsa tun farko har ƙarshe. Na tabbata ya san abin da za mu tarar. Shi ya binne rabin mutanen wurin.

Osofo, da kyakkyawar niyya, ya ce to a ɗebi ƙasar a sa a akwati, ai ita ce shi yanzu. Kawu Gakpo yana bayan shinge inda aka tsayar da shi, sai ya ce, "Sannu Osofo, ka iso gida. Tukunya za a kawo maka, ko kana da taka?"

Na ga fuskar Papa a lokacin, na san magana ta ƙare. Da Kawu ya yi shiru, wataƙila da an ɗebi ƙasar, a kira ta da wani suna, kowa ya kau da kai. Amma an riga an faɗa. Abin da Papa ya yi rayuwarsa yana hana mutane, ba zai yi shi a gaban surukinsa ba. Kawu da kansa ya gane. Tun ranar ban ƙara jin ya yi wa kowa ba'a ba.

Papa ya sa aka mayar da ƙusoshin da hannun akwatin da maɓallin, aka rufe, ya daddale saman da ƙafarsa. Ya ce da ni, "Ka nema da hannunka, ka gani. Ba na son nan gaba ka ce ban ba ka dama ba."

Sauran suka koma, ni na zauna da shi 'yan kwanaki. Kpodzi ya zama tsibiri sosai yanzu. Duk abin da ke da ƙafa ko ciki ya hauro tudun: ɓeraye, gafiyoyi, wata gada da ta rame, da macizai da yawa. Na kashe biyu a cikin majami'a. Papa yana kwana a ɗan ɗakin da ke bayan bagade, ya ɗora tabarmarsa a kan benci. Da safe yakan kaɗa ƙararrawa, ya yi sujada shi kaɗai, ya yi shara, ya jefa ƙugiya. Hankalinsa garau yake, Akpene. Ya tambaye ni labarin siyasar Accra, ya gyara mini wata shekara da na faɗa ba daidai ba. Ya nuna mini jan fentin da kansa, ya ce 'yan safiyon sun san aikinsu. Da ruɗewa ya yi, da na ɗaure shi na sa a jirgi ban ji komai ba.

Na yi magana da jami'in da ke kula da ƙaura. Mutumin kirki ne. Ya ce za su iya sake ɗauko shi gobe ma, amma wa zai tsare shi? Ba za su kulle tsoho a ɗaki ba. Ya ce in na sa hannu za a yi. Ban sa ba tukuna. Na kan ce gobe, in gobe ta yi in tuna yadda aka ɗaga shi da kujera mutane suna kallo.

Ranar da zan taho shi ya kore ni. Ya ce ina cinye masa gari, kuma ina da mata da aiki. Ya ce, "Tafi. Kai ne wanda aka tura wurin sarki." Na bar masa gari da busasshen kifi da ashana da kananzir. Ya raka ni bakin ruwa, ya tura mini jirgin, ya ce ina riƙe filafili kamar alƙalami.

Edita yana son in rubuta masa labarin sabbin garuruwa, da hoton yara a gaban famfo. Na rubuta, kuma ba ƙarya a ciki. Wannan kuwa ke kaɗai nake iya rubuta wa. Ina kewarki ƙwarai.

Ki gai da kowa.

Naki,
Senyo.

Sabuwar Sokpenu,
Nuwamba, 1964.

Matata Akpene,

Papa ya aiko da kwalekwalensa. Ranar Litinin Amuzu, masuncin da ke kai masa abinci, ya iso da shi ɗaure a bayan nasa.

Ina fata wannan ta same ku lafiya, ke da yara. Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Na ga saƙonki cewa za ki taho. Kada ki taho tukuna, hanya ba ta da kyau, kuma ba inda zan sa ki.

Tun wasiƙata ta baya na je wurinsa sau da dama. Tafiyar tana ƙara wuya, don itatuwan da ruwa ya rufe kawunansu suna nan dab da sama, suna huda jirage, ga iska da ke tashi ba sanarwa. Zuwana na ƙarshe ruwa ya ci rabin makabarta, ya shiga majami'a har idon sawu. Da na dawo na je na sa hannu a wurin jami'in. An tsayar da cewa jirgi mai inji zai je ya ɗauko shi cikin makon nan. Ban gaya wa Papa ba, amma Amuzu ba ya iya riƙe magana.

Tare da kwalekwalen ya aiko da battar da yake ajiye ƙugiyoyinsa, ya ce a ba Dada hannu da hannu. A gabana ta buɗe. Furfura ce a ciki, da yankan farce, an naɗe a ƙyalle fari.

Kin san al'adar, ku ma kuna yi a Keta: wanda ya mutu a nesa, gawarsa ba za ta zo gida ba, akan yanko gashinsa da farcensa a kawo a binne, shi ke nan ya dawo. Abin da ba ki sani ba shi ne an taɓa kawo mana irin wannan. Bayan yaƙi wani abokin Fo Barzillai ya zo da nasa tun daga Bama, ya ɓoye su a aljihun kakinsa duk tsawon hanya. Papa ya ce aikin arna ne, ba za su shiga makabartar ikilisiya ba. Dada ta durƙusa masa, bai sauya ba. Kawu Gakpo ne ya karɓa ya binne a wajen danginsu. Saboda haka da suka kira matattunsu suka zuba a tukunya, har da Fo suka kira. Yana nan sabon gari, a gindin tudun da suka zaɓa.

Saƙon baki da Papa ya ba Amuzu gajere ne. Ya ce a sa shi kusa da yaron. Ya ce kwalekwalen kuma a ba Gakpo, tunda nasa yana yoyo.

Dada ta rufe battar ta riƙe a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Da na roƙa in binne ɗana an hana ni. Yanzu an aiko mini miji in binne da ransa." Ranar tuwon mutum ɗaya ta tuƙa.

Kawu ya zo ya ga kwalekwalen, ya zauna a ƙasa kusa da shi. Sai ya gargaɗe ni kada a kuskura a binne battar kafin a tabbatar. A wurinsu in an binne an gama, ko mutum ya dawo da ƙafarsa ba mai karɓarsa a matsayin rayayye. Osofo kuma ya ce bai san me zai karanta a kan gashin mutumin da ba a ce ya mutu ba, amma in lokacin ya yi zai tsaya a wurin, ko a wane gefen shinge ne. Wannan ne karo na farko da na ga su biyun sun yarda da abu ɗaya.

Ban jira ranar da aka tsayar ba. Na roƙi jami'in, ya ba da jirgin washegari. Mun isa da hantsi. Ruwa ya kai tagogin majami'a, a makabarta kuwa sai kawunan duwatsu na layin sama. Busasshen wurin da ya rage bai fi tsakar gida ba, a gindin rimi. Mun tarar da murhunsa, toka ta yi sanyi, da tabarma a naɗe, da Littafinsa a rataye a reshe cikin jaka don kada ya jiƙe. Shi ba ya nan. Mun kewaya tsibirin muna kira, mun leƙa ta tagogi, na shiga ruwan har ƙirji na duba ɗakin bayan bagade. Direban jirgin ya ce wataƙila wasu masunta sun ɗauke shi, ai sun cika tafkin yanzu, baƙi daga ƙasa-ƙasan kogi. Yana iya yiwuwa. Na aika tambaya duk sansanonin da na sani.

Ina ta auna abu ɗaya, ban gama ba: ko da ban sa hannu ba da ya ƙara wasu makonni a can, ko kuma da na sa tun farko da yanzu yana zaune a nan yana fushi da ni. Ba na tsammanin akwai amsar da za ta yi mini daɗi. Kada ki gaya wa yara komai tukuna.

Battar tana wurin Dada. Ki ci gaba da yi mana addu'a. Ina gaishe ki da dukan zuciyata.

Mijinki,
Senyo.

Ƙari: Na riga na rufe wasiƙar nan sai ga ɗan sanda daga ofishin gunduma. Masunta sun tsamo gawar wani tsoho a gaɓar yamma, inda iska ke kai abubuwa, sun ajiye ta a sansaninsu. Ba su san shi ba. Sun ce yana sanye da baƙar kwat irin ta zuwa majami'a, kuma kansa sabon aski ne. Ni da Kawu za mu tafi da jirgin safe mu duba.